Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Ba Dala Biyu Maki a Baibai

Makon jiya na tsaya a inda na sayi littafina na farko kan tantance darajar tsofaffin sulalla. Photograde ne, na James Ruddy, wanda aka fara bugawa a 1970. Kwafin da na samu ya sha hannu, bangonsa ya soma rabuwa, hotunan ciki baƙi da fari. Tsarinsa ba wuya: kowane irin kuɗin ƙarfe na Amurka an jera hotunansa, tun daga wanda ya cinye har rubutunsa ya kusa ɓacewa, zuwa wanda da ƙyar hannu ya taɓa shi. Kai dai ka ajiye taka kwandalar a gefe, ka nemi hoton da ya fi kama da ita.

Kwana uku na yi ina haddar ma'aunin da ake ba sulalla maki da shi. Daga 1 yake tashi zuwa 70. William Sheldon ne ya fito da shi a 1949, kuma don tsofaffin manyan sentin tagulla na 1793 zuwa 1814 kaɗai ya yi shi. A lissafinsa, sentin da ya samu 70 zai ninka farashin mai 1 sau saba'in. Kasuwa ba ta daɗe ba ta watsar da wannan lissafi, lambobin kuwa suka zauna, har ƙungiyar masu tara sulalla ta Amurka, ANA, ta gina littafinta na ƙa'idoji a kansu a 1977. Daga 60 zuwa 70 na kwandalar da ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba ne, 50 zuwa 58 na wadda ta ɗan gogu a tudunta kaɗai. Duk na iya wannan a ka, sai na ɗauka aikin ya ƙare.

A gwangwanin da na gada akwai dalar azurfa biyu, irin da ake kira Morgan. Ɗaya duhu-duhu take, gashin da ke saman kunnen matar da aka zana a fuskarta a shafe, gashin ƙirjin mikiyar da ke baya ma ba ya fitowa. Na ba ta 50, har ina ganin na yi mata alfarma. Ɗayar kuwa tana walƙiya kamar madubi, domin ni da kaina na zauna na goge ta da tsumma da man goge ƙarfe tun kafin in san komai. Ita na rubuta mata 65 a takarda, na ja layi biyu a ƙasa.

Da su na tafi wurin dattijon nan da na ba ku labari, wanda ya fi shekara arba'in yana wannan harka. Bai dubi takardata ba. Ya sa na rufe taga, ya kashe fitilar ɗaki, ya kunna wata ƙaramar fitilar tebur mai ƙwai ɗaya. Ya ɗauki mai duhun ta gefenta da yatsu biyu, ya karkata ta, yana juya ta a hankali.

"Zo nan, ɗana. Me ka gani?"

Na ce, "Baba, haske ne yake zagayawa."

"Ya katse a kan kunnen?"

Na sake dubawa. Bai katse ba. Sheƙin yana bin fuskar gaba ɗaya kamar sandunan ƙafar keke, yana haye wurin da na ce ya cinye ba tare da ya dushe ba. Ya juya bayanta, ya nuna mini ƙaramin harafin O a ƙarƙashin ganyen da ya kewaye mikiyar. Ya ce a New Orleans aka buga ta, kuma dalolin can sun yi suna wajen raunin bugu. Idan ƙarfin injin bai kai ba, azurfar ba ta cika lungunan hatimin da ke buga zanen, sai wurare mafi tudu su fito a shafe tun ranar farko. Gogewar hannu kuwa tana kashe sheƙin wurin, ta bar shi toka-toka. A hoto baƙi da fari su biyun kamarsu ɗaya. Tawa dai ba ta taɓa shiga aljihun kowa ba.

Ina cikin murna ya ɗauki mai walƙiyar. Nan ma ya karkata ta, sai dubban siraran layuka suka bayyana, duk sun nufi gefe ɗaya, daidai yadda hannuna ya riƙa kai da kawo. Ya yi shiru, ya ce, "Wa ya yi mata wannan aika-aikar?" Na sunkuyar da kai. Ya bayyana mini cewa sheƙi na asali daga kwararar ƙarfe yake zuwa a lokacin bugu, fata ce siririya, in ta tafi ta tafi kenan. Kamfanonin da ke tantancewa su rufe kwandala a roba, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da ta biyo baya a 1987, ba sa ba irin wannan lamba kai tsaye. Rubutawa suke yi cewa an goge ta, farashinta ya faɗi.

Na huce haushina a kan littafin, na ce ya yaudare ni. Baba ya yi dariya, ya ce in buɗe shafukan farko. Gaskiya ne, akwai bayani a rubuce, ni ne na tsallake na faɗa kan hotuna. Har yau ina ganin masu koyo suna yin haka, kuma ban iya yi musu faɗa sosai, don na san ciwon.

Daga ranar ya ɗora ni a kan wani horo da na ɗauka wasa ne. Zai fito da sulalla goma da ke cikin robar kamfani, ya manne takarda a kan lambar, in duba da ido tsirara tukuna, sannan da gilashi mai ninka girma sau biyar, in rubuta makina da dalilina a littafi kafin ya ɓare takardar. Ya hana ni gilashi mai ƙarfi, ya ce zai sa in ga ƙura kamar dutse in manta da fuskar baki ɗaya. A makon farko, biyu na ci cikin goma. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsakanin 58 da 62, inda mai 58 takan fi kyan gani, amma ɗan dushewar da ke kan kumatu ya hana ta haurawa. Ya kuma sa na tsaya a kan Morgan kaɗai har wata shida, domin kowane zane da inda yake fara cinyewa.

Ya taɓa ambata mini kwas ɗin bazara da ANA ke yi a Colorado Springs, inda ɗalibai ke miƙa wa juna sulalla suna ba su maki a gaban malami. Ya ce abin da muke yi kenan, sai dai mu tebur ɗaya gare mu.

A wata na bakwai ne wani ya kawo mini kuron Ingila na azurfa, wato babbar kwandalar da suke kira crown, na ba shi maki da ma'aunin Amurka, na ji kunya a gaban mutane, domin Ingilawa da kalmomi suke auna nasu, kuma sun fi tsauri. Wannan sai mako mai zuwa.