Jakin Blackpool da surutun 'yan gida

Hutun makaranta na bazara a Ingila mako shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Duk mai yara a gidan sama mai ɗaki biyu ya san wahalar. Ba tsakar gida, ba ƙofar gida, ba maƙwabcin da za ka tura su wurinsa sai an sa rana tun mako guda. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi, yawanci da dare. Ina dawowa da safe ido ya yi nauyi, su kuma a lokacin suka tashi da ƙarfinsu. Uwargida ta ce wallahi in ba a fitar da yaran nan sun sha iska ba, ita za ta fita ta bar mana gidan. Ranar wata Asabar muka hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Blackpool, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna.

Gari ne da aka shirya don raba iyaye da kuɗinsu, amma cikin raha. Tun daga nesa za ka hango hasumiyar ƙarfen nan mai tsayin mita 158, wadda aka buɗe a 1894 aka kwaikwayi ta Paris. A can sama akwai daɓen gilashi da ake takawa ana kallon titi ta ƙarƙashin ƙafa. Yaran suka yi ta tsalle a kai, ni ina riƙe da bango ina salati. Akwai gadoji uku da suka kutsa cikin teku ba tare da sun kai ko'ina ba, ta arewa tun 1863 take, ta tsakiya kuma a kanta aka kafa babban lilo mai juyawa. A filin wasa na Pleasure Beach babbar 'yata ta nace sai ta hau Big One, jirgin nan da ke hawa sama ya sulmiyo da mutane suna ihu. Aka auna tsayinta aka ce ba ta kai ba. Ta yi kuka, ni na yi hamdala a zuci. Injinan da ake zuba wa sulallan fene biyu kuwa uwargida ta ce caca ce, ko kusa ba mu je ba.

Sai muka sauka kan rairayi, ruwa ya ja baya can nesa, muka tarar da jakuna. Jakuna dai da kuka sani, an yi musu ado da ƙararrawa, kowanne da sunansa a goshi, iyaye sun yi layi suna biya a ɗora 'ya'yansu. Jakin nan yana da doka a garin: likitan dabbobi na duba shi duk shekara, yana da hutun cin abincin rana, ba a ɗora masa wanda ya wuce kilo 50, ranar Juma'a kuma ba ya aiki. Ni da ke roƙo kafin a sake ni in je masallaci, jaki ya riga ni samun Juma'a.

Ƙaramin, ɗan shekara biyar, yana ganin jakin ya ɓuya bayan zanen uwarsa yana rawar jiki. Ɗana, jikan Baba, yana tsoron jaki! Don in ƙarfafa masa gwiwa sai na ce wa mai jakunan ni tun kafin in yi famfara nake hawa, ba sirdi ba linzami. Mutumin ya dube ni daga sama har ƙasa, ya nuna allon nauyi, ya ce ba da ni ba, na yara ne. 'Yan layi suka kwashe da dariya. Yo wa ya ce masa hawa zan yi? Turancin da zan mayar masa ya maƙale, na tsaya ina murmushin dole. Har yau in na tuna sai in ji zafi a kunnena.

Daga baya yaron ya hau, har ya ƙi sauka. Na ɗauki bidiyo ina jin daɗi, na tura wa Inna. Wayar Inna kuwa a hannun Yaya take. Kafin mu kai tashar jirgi bidiyon ya shiga zauren WhatsApp na dangi, an naɗa ni Sarkin Jakan Turai. Wannan ban damu ba, wasa ne. Abin da ya tsaya mini a rai saƙon da Yaya ya aiko ni kaɗai: "Ƙanena, wanda ke da kuɗin hayar jaki ai ba zai ce ba shi da na gyaran rufin ɗakin Inna ba." Rufin da na riga na aika kuɗinsa kafin damina. Bai san dare nawa na kwana ina juya tsofaffin wasu a gado kafin in tara kuɗin fitar yini ɗaya ba, kuma ba ni da bakin gaya masa, yaya ne.

Inna ita ba ta yi maganar kuɗi ba. Da muka yi waya cewa ta yi yaron zaman Baba yake yi a kan jaki, baya a miƙe, Allah Ya jiƙansa. Ta ce a ba ta shi. "Maigidana, ka ci kasuwa lafiya?" Yaron ya juyo yana tambayata da Turanci me take cewa. Na fassara, ya amsa, na sake fassarawa. Ta ce, "To, Allah Ya raya," ta koma faɗan me ya sa muka fita da shi cikin iska ba hula.

Yanzu yaran sun dame ni sai mun koma ganin fitilun da ake kunnawa a bakin tekun daga ƙarshen bazara, kusan kilomita 10 na haske, abin da aka faro tun 1879. Za mu je in Allah Ya yarda, in shiga da su taragon lantarki mu bi ta ƙarƙashin fitilun. Kafin nan dai sai na saya wa Inna wayarta ta kanta, in ba ƙanwata amanar riƙe mata.