Ɗan birin da idonsa ya kai ƙwaƙwalwarsa girma

Jiya da dare an ɗauke wuta a layinmu nan Tudun Wada, muna zaune a tsakar gida muna fifita, sai autata ta miƙo min waya ta ce, "Baba, don Allah wannan mujiya ce ko ɓera?"

Na karɓa na ƙura ido. Wallahi da fari na ɗauka aikin kwamfuta ne. Ashe dabba ce ta gaske, dangin biri, sunanta tarsiya. A dazuzzukan tsibiran Filifins da Indonesiya da Borneo take rayuwa, kuma tafin hannu ɗaya ya ishe ta zama.

Idon ne ya tsaya min a rai. Kowace ƙwayar ido ta kai faɗin milimita 16, kusan girman ƙwaƙwalwarta. Saboda girman nan, ƙwayar ba ta juyawa a gurbinta. In tana son ganin bayanta, kan gaba ɗaya take murɗawa, har ya kalli baya. Kun ga ke nan auta ba ta yi nisa da gaskiya ba da ta ce mujiya.

Tarsiya ba ta cin 'ya'yan itace ko ganye sam. Da dare take farauta: ta maƙale a jikin reshe da siraran yatsunta, ta kasa kunne, ta yi tsalle ta cafke fara ko ƙadangare. Ɗa ɗaya take haifa bayan cikin wata 6.

Da auta ta ji zancen fara sai ta ce, "Ita ba ta sa yaji?"

Har aka dawo da wuta mamarta tana dariya.