Kwana huɗun da na ce Baba ya jira

Mun san Baba na da kansar furostet, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, mun kuma saba da wahalar fitsarinsa. Da ya fara kukan baya sai muka ce sanyi ne da tsufa. Da dare ciwon yake taso masa, in ya yi tari ya ce kamar an ɗaure masa ƙirji da igiya. Wanzami na kira ya yi masa ƙaho.

Ranar Alhamis ya ce, "Ɗan nan, ƙafafuna kamar ba nawa ba." Na ce, "Baba, a bari sai Litinin, kuɗi bai shigo ba." Kafin Litinin fitsari ya tsaya cak, a zani muka ɗauko shi zuwa asibiti a nan Garwa.

Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kansar ta bi ƙashin baya ta danne laka. Wanda aka kawo yana taka ƙafarsa, yawanci yakan ci gaba da takawa. Wanda ya kwana biyu a shanye, da wuya ta dawo. Na ƙirga da yatsuna: huɗu.

Nan take aka sa masa robar fitsari, aka fara allurar deksametazon don kumburin ya sauka. Sugansa ya hau, sai da aka riƙa aunawa. Hoton IRM, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, ya nuna wurin, amma gashin radiyoterafi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, sai kudancin Kamaru. Mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, yana kwance sambal don an hana shi lanƙwasa baya.

Maganar cire 'ya'yan maraina da likita ya kawo ce ta tsaya. Sinadarin namiji ne abincin wannan kansar, kuma aikin sau ɗaya ne, ya fi allurar rage sinadarin ta wata-wata sauƙin kuɗi. Wane ɗa ne zai iya faɗa wa ubansa haka? Sai na tura Baffa. Da ya fito ya ce, "Yaya ya yarda, kada ka sake tayar da zancen."

Ciwon bayan ya lafa, alhamdu lillahi. Ƙafar dama tana motsi, ta hagu shiru. Kowane awa biyu muna juya shi saboda gyambon kwanciya. Baba bai taɓa ambaton Alhamis ɗin nan ba. Ni ne dai duk na ɗaga ƙafar hagun zan shafa mata mai, sai na sake ƙirgawa.