Lamba 0103.91 da 'ya'yan aladen da ke wucewa ta Padborg

Wata na takwas kenan ina aikin cike takardu a wani kamfanin jigilar kaya a arewacin Jamus, kusa da iyakar Denmark, kuma wallahi lambar da na fi rubutawa a kwamfuta ita ce 0103.91. Ni ba na cin alade, ban taɓa kiwonsa ba, amma aiki ya haɗa ni da shi har na fara damuwa da abin da ke cikin motocin nan.

Duk kayan da ke ƙetare iyaka a duniya akwai lambarsa a kundin Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels, tsarin da aka fara aiki da shi tun 1988. Babi na farko dabbobi masu rai ne, alade kuma 0103. Sai aka raba shi uku: 0103.10 na tsantsar iri da za a yi kiwo da su don haihuwa, 0103.91 waɗanda ba su kai kilo 50 ba, 0103.92 kuma daga kilo 50 zuwa sama. Kun ga ba ruwan kundin da watannin dabba, sikeli kawai yake kallo. Kuma wanda ya ce nasa tsantsar iri ne to sai ya kawo takardar asali, baki kaɗai ba ya isa. Amurka ma ta ƙara yanka 0103.91 ɗin gida uku, ƙasa da kilo 7, daga 7 zuwa 23, sai 23 zuwa 50, saboda miliyoyin ƙananan da ke shigo mata daga Kanada musamman Manitoba, ana kai su jihohin masara irin su Iowa a ƙosar.

Mu nan namu 'yan kilo 30 ne ko kusa da haka. Denmark mutanenta wajen miliyan 6 ne amma a shekara tana fitar da 'ya'yan alade wajen miliyan 14, akasari zuwa Poland da Jamus. Su sun ƙware wajen haihuwa, uwa ɗaya ta ba da sama da 'ya'ya 30 a shekara, to amma ƙosarwa da yanka sun fi araha a maƙwabta, shi ya sa ake loda su tun suna ƙanana. Cikin Tarayyar Turai babu kuɗin fito, amma lambar dole a rubuta ta saboda ƙididdiga, sannan likitan dabbobi ya shigar da takardar lafiya a TRACES, wato tsarin kwamfuta na Tarayyar Turai na bin sawun jigilar dabbobi, kafin mota ta tashi.

Abin da ke ci min rai shi ne tafiyar. Dokar Turai ta 2005 ta yarda alade ya yi awa 24 a mota muddin akwai ruwa a gabansa, bayan nan a sauke shi ya huta awa 24. A takarda abin tsaf yake. Amma ranar da na tsaya kusa da wata mota lokacin zafi, hawa-hawa cike da su, suna ta haki suna tura hanci ta ramukan iska, gaskiya jikina ya yi sanyi, domin rai rai ne ko na dabbar da ba ka ci. Tun ranar idan na ga an rubuta lokacin tashi da na isa wanda hankali ba zai ɗauka ba sai in mayar da takardar, ko da za a ce na cika tsanani. An taɓa ɓata min rai a kan haka, na haƙura, ban sa hannu ba.

Sai kuma zazzaɓin aladu na Afirka, wanda shi ne dodon wannan kasuwa gaba ɗaya. Ba ya kama mutum amma yana gama garke kaf. A 2019 Denmark ta ja shinge na kusan kilomita 70 a iyakarta da Jamus don kar aladun daji su shigo, duk motar da ta dawo kuma sai an wanke ta an fesa magani a Padborg, garin Denmark da ke bakin iyaka, kafin ta je wata gona. Da cutar ta ɓulla a jihar Brandenburg ta Jamus a Satumban 2020, nan take China ta rufe ƙofa ga naman Jamus, farashi ya faɗi, masu ƙosarwa suka ja baya da saye, kuka ya kai har gonakin Denmark.

Hakan ya sa na tuna 'yan'uwanmu masu kiwo na kudancin Kaduna da kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan, inda ake lodi zuwa kudu, da kuma asarar da aka yi a gonakin aladu na Oke-Aro wajen Legas a 2020 saboda cutar nan dai. Dan Allah duk mai niyyar shigo da iri daga waje, ya fara neman izinin hukumar killace dabbobi da takardar asali tukunna, kuma ya tabbata wakilinsa na kwastam ya san bambancin 0103.10 da 0103.91, don dabba mai rai ba za ta iya jiran gyaran takarda na kwana uku a filin jirgi ba.