Sintirin dare a gaɓar tekun Ada

Daga Akara na shiga motar haya da mutanen Gana suke kira trotro, muka bi ta Tema muka nufi gabas, muka saki babbar hanya a mahaɗar Kasseh, har muka isa Ada Foah, inda Kogin Volta yake shiga Tekun Atilantika. Abin da ya kai ni shi ne aikin sa-kai na sa ido a kan kunkuran teku, waɗanda suka fi fitowa saka ƙwai a wannan gaɓa daga wajen watan Oktoba zuwa Maris. Gaɓar tana cikin yankin dausayin Songor, wanda ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 1992, kuma jami'an kula da namun daji ne suke jagorantar sintirin.

Sai dare ya raba ake fita, kowa da jar tocila, domin farin haske yana firgita uwa ta koma ruwa da ƙwanta. Ana tafiya a ƙafa cikin rairayi ana neman sawu, wanda daga faɗinsa gwanaye suke gane irin kunkurun da ya fito. Wadda muka tarar ƙaramar irin nan ce mai launin zaitun, da ake kira olive ridley da Turanci. Muka tsuguna nesa da ita har ta gama haƙa rami da ƙafafunta na baya, kuma sai da ta fara zuba ƙwai, lokacin da ba ta cika kula da mutum ba, aka auna ƙoƙon bayanta, aka rubuta wuri da lokaci. Irinta takan saka ƙwai wajen 100, su ƙyanƙyashe bayan kusan wata biyu, zafin rairayin kuma shi yake sa 'ya'yan su zama maza ko mata.

Da gari ya waye muka sake bin gaɓar muna rubuta ramukan da karnuka da aladu suka tone, da tarkacen taru, da ledojin ruwan sha da igiyar ruwa ta watso. Rubutun yana da gajiyarwa, amma a ganina shi ne ƙashin bayan aikin, domin da shi ake gwada bana da bara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zaizaya. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a kan Kogin Volta a 1965, yashin da kogin yake kawowa bakin teku ya ragu ƙwarai, teku kuma ya ci gaba da cin ƙasa. A ƙauyen Totope na ga gidajen masunta da rairayi ya binne har zuwa tagogi. Inda gaɓa ta ƙuntata haka, dole ma'aikata su kwashe ƙwan a hankali, ba tare da juya su ba, su mayar da su wani rami a tudu kafin ruwa ya cika.