Mai makullin gidan gado ba shi kaɗai ne mai gida ba

Samarinmu na zango sun shiga sana'ar sayen tsohon gida a gyara a sayar. Akwai riba, amma ni ba siminti ko ladan birkila ne suka cinye jarina ba, takardu ne.

Da yawa daga tsofaffin gidajen unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, ƙasar Gana, na gado ne. Wanda ya sayar mini babban ɗa ne, makullai a hannunsa, ga tsohuwar indenca, wato takardar fili, da sunan mahaifinsu. Na biya. Mun kware kwano ke nan sai ga ƙanwarsa da lauya, ta ce ba a raba gado ba. Da gaskiyarta kuwa. Aiki ya tsaya, damina ta tarar da ɗakunan a buɗe, katako ya ruɓe, filasta ta dinga zubowa.

Saboda haka kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga takardar kotu da ta ba shi ikon kula da dukiyar mamacin, kuma kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke aure a nesa. Idan kuma gidan mutum mai rai ne da ya saya yana da aure, dokar filaye ta 2020 ta ce sai da rubutaccen amincewar abokin zamansa. Kai da kanka za ka je Lands Commission, hukumar filaye, a bincika maka sunan da ke kan filin, kada ka aiki dillali, shi la'adarsa yake hange.

Ka kuma sani yawancin ƙasar Kumasi ta sarauta ce, haya ce ta shekaru, galibi 99. Tambayi nawa suka rage, don mai saye a hannunka zai tambaya. Wanda ba ɗan Gana ba iyakarsa 50.

Sai 'yan haya. Wani ya biya kuɗin shekara biyu gaba ɗaya, ka fitar da shi da ƙarfi ku haɗu a Rent Control, ofishin sasanta rigimar haya. Ƙarin ɗaki ba izinin hukuma kuwa jan fentin dakatar da aiki yake jawowa a bango.

Gidan da ke kusa da rafin Aboabo, bari sai an tafka ruwa a watan Yuni ka je dubawa. Ka durƙusa ka shafa gindin bango, ka tambayi mai kokon da ke ƙofar gida inda ruwa ya kai bara.