Rasor ɗin Baba ya shekara shida

Ran Juma'a ina kakkaɓe ɗakin Baba na ci karo da ɗan katin da aka ba shi a Tunus a 2019. A jiki an rubuta faɗin ƙarfen da aka sa cikin jijiyar zuciyarsa ya tokare ta don jini ya wuce: milimita 3. Shi rasor yake ce masa, don lokotoron da ya sa masa ya kwance bik ya nuna masa na ciki, ya ce kusan haka yake. Ta wuyan hannu aka zura shi, idonsa biyu.

Nasa mai magani ne a jiki. Irin na farko, da aka fara sa wa mutum a Tuluz ta Faransa a 1986, ƙarfe ne zalla, nama kan tsiro a ciki ya sake toshe hanya ga mutum 2 ko 3 cikin 10. Da aka soma shafa musu magani wajen 2002, abin ya koma ƙasa da 1 cikin 10. Sai dai maganin da ke hana naman tsirowa shi ke jinkirta warkewar wurin. Ƙarfe ya daɗe tsirara, jini kuwa in ya tarar da shi haka sai ya daskare a kai. Dalilin aspirin da clopidogrel ke nan: shekara guda a haɗe ga wanda ya yi bugun zuciya irin Baba, aspirin kuma iya rai.

A nan muka sha daga. Wata huɗu da dawowa ya koma rumfarsa a Babbar Kasuwa, yana taka ƙafa zuwa masallaci ba haki. Amma kullum asuba aswaki na fitowa da ja. Wani abokin hirarsa ya ce maganin Nasara ne ke tsinka masa jini, ya bari, a yi masa ƙaho. Ni da ƙirgar ƙwaya na gano, kwana biyar ba a ɓalle ko ɗaya ba.

"Baba, kun sha na yau?"

"Ke, mai lafiya ke shan magani?"

Jikina na rawa na kira lokotoron zuciya a Yamai. Ya ce Baba ya sha yanzu-yanzu, barin maganin a watannin farko shi ya fi komi jawo toshewar farat ɗaya, wadda kan kashe. Wanzamin da na mayar daga zaure har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata.

Rasor dai lafiya lau. A awon bara wata jijiyar dabam aka ga ta fara ƙuncewa, don ɗan wurin da ya tokare kaɗai ya gyara, kitsen bai fasa taruwa a sauran ba. Yanzu faɗanmu ya koma kan atorvastatin mai rage kitsen jini, awon tansiyo da gishirin miya. Na san akwai kilishi ɓoye cikin durowar rumfa, ban dai yi magana ba tukuna. Ran Asabar za mu hau kar zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, na ajiye zancen sai a hanya.